Kunnen da Na Ara wa Surukina

Ranar addu'ar uku, masu ta'aziyyar da suka zo gidanmu a unguwar Kaladan, cikin Tamale, sun rabu biyu. Wasu sun zauna ƙarƙashin rumfa tare da malamai, wasu kuma da sun shafa fatiha sai su zarce bayan gida wajen motar. Na biyun sun fi yawa. Ni ina madafa ina toya masar sadaka, katanga ce kawai tsakanina da su, don haka babu abin da ya wuce ni. Wani ya ɗaga bonet bai tambayi kowa ba.

"Cale, abokina, zo ka ga abin da tsoho nan ya yi! Wannan bel na nika-nika ne fa."

"Ƙarfe nan kuma na gadon kwana ne, wallahi. Dubi fenti."

Suka kwashe da dariya, sannan suka tuna a gidan makoki suke, suka ce Allah ya jiƙan Masta.

Wani tsohon direba da suka yi zaman tasha tare ya shigo yana dogara sanda. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin mai taurin kai irin marigayi ba, sai kuma ya fashe da kuka har aka riƙe shi. Maƙwabciyarmu malamar makaranta, Kirista 'yar kudu, ta zo da baƙin zani da buhun ruwa a ka. Ta sauke, ta kama hannuna ta ce, "Yanzu wa zai tashe mu da safe? Kullum ina zagin ƙarar mota nan, yau da ban ji shi ba na makara." Ita kaɗai ta kama hannuna ranar. Sauran duk 'ya'yansa suka yi wa gaisuwa, yadda aka saba. Matar ɗa ba a yi mata ta'aziyya, sai dai a leƙo a ce, "Amarya, a ƙaro shayi."

Yayan mijina, da ya taso daga Akra, na ji shi yana gaya wa baƙi cewa Baba ya wahalar da kansa a banza a ƙarshen rayuwa. Kafin addu'ar bakwai kuwa 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, sun fara shawagi a ƙofar gida suna leƙen bayan katanga.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na ga labarin surukina ya fara ƙanƙancewa a bakin mutane. Yana komawa abin ba'a guda ɗaya: tsohon da ya ɗaura wa akwalar mota sufacaja a Tamale, garin da ko akuya ba ta samun tudun hawa. Ba ƙarya suka yi masa ba. Amma ni nake zama a kujerar baya, kuma na san inda motar take son zuwa.

Fita ne, wato makanike, tun kafin a haife ni. A da shagonsa cike yake da yara masu koyon aiki, direbobin tasha kuma ba sa yarda kowa ya taɓa musu injin sai shi. Daga baya motoci masu kwamfuta suka zo, gari ya cika da moto, wato babur, da yalo-yalo mai ƙafa uku, yaran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Surukata ta rasu. Sannan kunne ya fara tafiya, na hagu tukuna, na dama ya bi shi a hankali. Lokacin da aka kawo ni gidan, abin da ya rage masa shi ne akwatin kayan aiki, da kujera ƙarƙashin dogon yaro, da tsohuwar motar da ya saya tun yana da ƙarfinsa.

Mijina direban tirela ne, daga Tema zuwa Burkina. Yakan ratsa ta Tamale ya kwana ɗaya, wani lokaci ma tsayawa kawai zai yi a bakin titi in kai masa tuwo a kula. Sauran 'ya'yan duk suna kudu. Gida babba, mutum biyu: ni a wannan kusurwa, Baba a waccan. Ban sani ba ko akwai kaɗaicin da ya fi na mutum biyu da kunya ta hana su hira.

Don kunya kam mun yi ta yadda aka koya mana. Da safe in durƙusa daga nesa in gaishe shi, idona a ƙasa. Ba na zama inda yake zaune, ba na ci a gabansa, ba na ɗaga masa murya, sunansa kuwa ko mai irin sunan ba na kira. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba. Amarya aka ce masa ranar da na zo, Amarya na zama har ya koma ga Allah. To ga tsoho ba ya ji sai an yi ihu, ga suruka ba ta ihu. Gaisuwarmu sai ta zama ta leɓe. Ya ga bakina ya motsa, ya ce "lafiya lau," ko da cewa na yi gas ya ƙare.

Yana da ɗabi'ar da ba na mantawa. In ya tayar da motar, sai ya ɗora tsinin sukundireba a kan injin, ya danna ƙotar a ƙashin muƙamuƙinsa, ya lumshe ido. Ta ƙashi yake jin abin da kunne ya hana shi. Yakan ce, "Injin ba ya ƙarya, sai dai mai shi ya ƙi ji." Mutane kuwa, a cewarsa, tun da ya kurumce bai rasa wata magana mai amfani ba.

Akwai ranar da kurumtar tasa ta yi mini rana. Cikina na fari ya zube da rana tsaka, mijina yana can hanyar Wagadugu. Ban san yadda Baba ya gane ba, tunda ban yi kuka da ƙarfi ba, ko na yi ma ba ji zai yi ba. Na dai ga motar a bakin ƙofar ɗakina, ya buɗe ƙofar baya, ya juya mini ƙeya har na shiga. Ya kai ni asibiti, ya zauna a benci har aka sallame ni. Washegari na hango shi ta taga da bokiti da sabulu, yana wanke kujerar baya da hannunsa, bai bari kowa ya gani ba. Da matan unguwa suka fara zuwa da tambayoyinsu, me ya sami Amarya, yaushe za a ga jika, sai ya kama kunne ya ce, "Eh? Eh, ruwa ya yi kyau bana." Har suka gaji suka daina. Bai taɓa ɗauko mini zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya da baki ba.

Mutum ɗaya ya rage masa a duniya wanda ya girme shi, yayarsa, wadda muke kira Gwaggo. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu. Aure ya kai ta wani ƙauye a kan tsauni, can gaba da Gambaga, kuma tsufa ya ɗaure ta a ɗaki, ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Waya ba ta da amfani tsakaninsu: ita muryarta ta ƙanƙance, shi kunnensa ya toshe. In jikokinta suka kira, ni nake karɓa in gaisa, shi yana tsaye yana kallon bakina.

Wata rana bayan irin wannan kiran ya zauna, ya yi magana yana kallon motar, ba ni ba. Ya ce, "Kowa Masta, kowa Baba, kowa Alhaji ko Makka ban je ba. Akwai suna da uwata ya sa mini, na wasa, ba na yanka ba. Duk wanda zai iya kira na da shi ya mutu, sai mutum ɗaya." Ya tashi ya ɗauko sufana. Ban sake jin ya faɗi haka ba.

Ya taɓa gwada zuwa, shekarar da aka kawo ni. Motar ta kai shi gindin tsaunin lafiya, amma hanyar da ke hawa ƙauyen a miƙe take, ga duwatsu, ga kwana. A tsakiyar hawa injin ya sare, motar ta fara komawa da baya, da ƙyar manoma suka tare tayoyin da duwatsu. Tarakta ce ta jawo shi zuwa titi. Bai ƙarasa ba, don ƙafarsa ba za ta hau ba, moto kuwa jiri yake sa shi. Haka ya dawo gida.

'Ya'yansa suka ce ya shiga motar haya mana, kowa ma ita yake shiga. Ya ce shi bai taɓa zuwa gaban yayarsa a motar wani ba. Suka ce girman kai ne. Akwai girman kai a ciki, ba zan kare shi ba. Amma ni da nake wanke masa kaya na san sauran. Tsufa ya sa ba ya iya riƙe fitsari, kuma ya gwammace mutuwa da ya riƙa roƙon yaron direba ya tsaya masa a gaban fasinja.

Abin da ya kamata shi ne a sauya injin gaba ɗaya, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Halin ne babu, kuma ba zai roƙa ba. Sai wani tsohon yaron shagonsa, wanda yanzu magidanci ne mai garejinsa a Kanvili, ya dawo daga Kumasi da wani dunƙulen ƙarfe a buhu. Daga motar da ta yi hatsari aka ciro shi, ya rasa mai saye. Ya kawo wa Masta ne don ya gani ya yi mamaki. Baba ya juya shi, ya murza kan da yatsa, ya ce a bar masa.

Ranar ce ya fara yi mini magana doguwa. Ina tsaye da tire daga nesa ya ce, "Amarya, kin san zuga-zugi na maƙeri? Gawayi ɗaya ne, wuta ɗaya ne, amma in aka dura iska sai ya narka ƙarfe. Wannan shi ne sufacaja. Bel zai juya shi, shi kuma ya dura wa injin iska. Iska kyauta ne. Dura shi ne aiki."

Aikin kuwa ya ci damina da rani. Mai hali sayen kayan haɗi yake yi a kwali, Baba kuwa gida ya bi da kallo. Ƙarfen da zai riƙe abin a jikin injin, daga gadon marigayiya surukata ya yanko shi, mai walda ya lanƙwasa masa. Bel ɗin daga wajen mai nika-nika ya samo, bayan ya gwada wasu sun tsinke. Bututun iska na tsohuwar tarakta ne. Ya sauke kan injin ya sauya ring da kansa, ya mayar da gasket biyu maimakon ɗaya don matsin ya ragu. Ƙofofin mai na kabureta ya faɗaɗa su da wani ɗan abin huji siriri, yana tsayawa yana hutawa. Rediyonsa ya ɓace daga ɗaki a lokacin, da babbar rigarsa ta Juma'a. Ban tambaya ba.

Da babbar Sallah 'ya'yan suka zo, rigima ta tashi. Yayan mijina ya ga motar a buɗe, ya ga gadon uwarsu a yanke, ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya, rabi don Baba ya ji, rabi don fushi.

"Baba, wannan abu zai kashe ka! Mota ya mutu, ka bar shi ya mutu. Za ka ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi?"

"Jaki naka ne?"

"Mutane suna mana dariya, Baba. Suna cewa mun bar ka kana wasa da ƙarfe kamar yaro."

"Da kun zauna kusa da kun ji dariya da kyau."

Nan yayan mijina ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin motar daga ƙusa, ya sa a aljihu, ya ce da shi zai koma Akra. Mijina ya sunkuyar da kai, don shi ba ya shiga tsakanin wa da uba. Baba ya miƙe. Ya taka a hankali zuwa motar, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa waya biyu. Injin ya tashi, sufacajar ta saki wani irin kuka siriri da ba mu taɓa ji ba, kajin gida suka watse. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ka gaida Akra. Makulli na masu mota ne, ni fita ne." Na ruga madafa na toshe baki da mayafi. Makullin har yau yana Akra.

Bayan sun tafi matsalar gaske ta fito. Iskar da aka matsa zafi take yi, ga zafin Tamale a kai. Tsohon injin in ya sha iska mai zafi, man yakan kama wuta kafin lokacinsa, sai ya riƙa ƙwanƙwasawa daga ciki. In ba a ji da wuri an sassauta ba, fistin zai huje, shi ke nan an yi asarar injin. Kuma ba a tsaye yake yin haka ba, sai ana tafiya da nauyi, lokacin da babu halin ɗora sukundireba a muƙamuƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyaran mota da kunne, ranar da ya fi bukatar kunnen babu shi.

Kwana da kwanaki yana zagaya motar bai fita da ita ba. Rannan da hantsi ya zo har bakin madafa, inda bai taɓa takowa ba, da gwangwanin madara a hannu. Ya zuba tsakuwa a ciki, ya kaɗa a hankali.

"Kin ji wannan?"

Na gyaɗa kai.

"In injin ya yi haka, yana cin kansa ne. Ni ba zan ji ba." Ya dubi gwangwanin. "Ki ara mini kunne, Amarya."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Na san abin da roƙon nan ya ci masa.

Sai dai ta yaya zan gaya masa in na ji? Gaba ba wurin zamana ba ne, ihu ba zan yi ba, kafaɗarsa ba zan taɓa ba. Ni na kawo dabarar muciya. Ina zaune a baya da muciyar tuwo a cinya, in na ji tsakuwa sai in buga bayan kujerarsa, shi kuma ya ji a gadon bayansa ya ɗaga ƙafa. Haka muka riƙa fita bayan sallar asuba, lokacin da iska take da sanyi, mu bi hanyar Dungu. Da yake garin ba tudu, sai ya cika but da bulo don motar ta ji nauyi. 'Yan unguwa suka samu abin kallo: tsoho a gaba, suruka a baya da muciya kamar za ta je yaƙi. Kokon da nake sayarwa da safe ya koma na hantsi, masu saye rabi suka gudu.

Mun yi faɗa sau ɗaya, in za a kira shi faɗa. Wata safiya motar tana ja da kyau, yana jin daɗi, har yana waƙa ƙasa-ƙasa, sai na ji tsakuwa. Na buga. Bai ɗaga ƙafa ba. Na sake bugawa da ƙarfi. Ya tsaya a gefen titi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba komai a injin nan. Bulo ne yake motsi a but. Kunnenki na koko ne." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar sana'ata, na zama abin nuni a unguwa, sannan a ce kunnena na koko ne? Ban ce kanzil ba, don ba a ce wa suruki. Washegari dai da ya tayar da mota ban fito ba, na hura wutar kokona. Jibi ma haka.

Ya kwance fulogi ya duba, ya same su fari fat, alamar wuta ta yi yawa. Da yamma na fito na tarar da su jere a kan turmina, ga sabuwar muciya a gefe, mai kyau, irin ta garin Bolga. Wannan shi ne ban haƙurin, kuma na karɓa. Bayan nan ne ya ɓullo da dabarar ruwa. Ya karkatar da robar ruwan wanke gilashi zuwa bakin sufacajar, yadda in na buga zai ja maɓallin, ruwa ya fesa cikin iskar ya sanyaya ta. Ranar da muka gwada, na ji tsakuwar ta ɗauke ɗif, na manta kaina na yi tafi. Ya gani a madubi, ya yi kamar bai gani ba.

A waɗannan safiyoyi ban ji kaɗaici ba, shi ma ina jin haka. Ba hira muke yi ba. Amma akwai wanda yake jiran in fito, kuma akwai abin da ni kaɗai zan iya yi masa.

Tafiyar da muka yi wajen Gwaggo ita ce ta ƙarshe gare su duka biyun, shi da ita. Gwaggo ta riga shi rasuwa, ba da daɗewa da dawowarmu ba. Shi kuma na kawo masa shayi wata la'asar ƙarƙashin dogon yaro, na durƙusa na gaishe shi, bai ce lafiya lau ba.

Lokacin tafiyar, mijina ne ya ba ni izinin rakiyar ta waya, ya ce kar dai yayansa ya ji. Muka tashi da sassafe da jarkokin ruwa da buhun shinkafa na Gwaggo. Mun tsaya a hanya ba adadi, kowane tsayi in juya fuskata gabas in shi ya yi yamma. Mun isa gindin tsaunin rana tana tsaka. Ya ce ba za a hau yanzu ba, sai iska ta huce. Muka zauna ƙarƙashin kaɗanya, shi a can, ni a nan, har inuwa ta miƙe. Na ga yana ta share tafin hannunsa a riga.

Da muka fara hawa, sufacajar ta ɗauki kukanta, motar ta ja kamar ba ita ba. Kwana ta farko lafiya. A ta biyu, inda hanyar ta miƙe tsaye, na ji tsakuwa, ba kaɗan ba. Na buga. Ya ja ruwa, ta ɗauke, ta dawo. Na sake bugawa. Ya sauke giya, motar ta yi kamar za ta tsaya, na ji duwatsu suna zamewa ƙarƙashin taya, na fara salati a bayyane. Ban san sau nawa na buga kujerar nan ba. Na dai san lokacin da gaban motar ya sunkuya, na hango rufin ciyawa da yara suna gudu, sai Baba ya kashe injin ya kifa goshinsa a sitiyari. Ya daɗe a haka.

Gwaggo tana kwance a tabarma a ɗaki mai duhu, ta zama 'yar mitsitsiya. 'Ya'yanta da surukanta da jikoki suka cika ƙofa. Baba ya durƙusa gabanta, tsoho da furfurarsa, kamar yadda nake durƙusa masa. Aka ce mata ga baƙo daga Tamale. Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, goshi, hanci, gemu. Sai bakinta ya motsa, da wata murya da ba ta fi numfashi ba, ta faɗi kalma ɗaya.

Duk mun ji. Shi kaɗai bai ji ba.

Ya ga leɓen ya motsa. Ya juyo wajena, yadda ya saba juyowa in waya ta zo. "Amarya, me ya ce?"

Na ce, da ɗan ƙarfi, "Tana gaishe ka, Baba."

Ya girgiza kai. "Gaisuwa ya fi haka tsawo. Me ya ce?"

Na dubi mutanen ƙofa ko wani zai taimake ni. Kowa ya sa ido a ƙasa. Duk 'ya'ya ne da jikoki, babu mai bakin da zai ɗauki sunan nan ya jefa wa dattijo. Gwaggo ta sake faɗa, a hankali fiye da na farko, hannunta yana kan kumatunsa. Shi kuma yana kallona, mutumin da ya yanka gadon matarsa, ya ɓata da ɗansa, ya sha dariyar gari, don wannan kalma ɗaya.

Na rarrafa na matsa kusa da shi, kusancin da ban taɓa yi ba. Na kai bakina saitin kunnensa na dama. Na kira surukina da sunan da uwarsa ta sa masa, da ƙarfi, har wata tsohuwa a ƙofa ta ce subhanallahi. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Sau ɗaya ya fita daga bakina, kuma aro ne.

Bai dube ni ba. Ya juya ga yayarsa, ya riƙe hannun nan nata da hannu biyu, hawaye yana bin gemunsa, ya amsa da muryar da ban san yana da ita ba, muryar ƙaramin yaro da aka kira daga wajen wasa.

"Na'am."

Allah ya gafarta maka, Baba, ya haɗa ka da masu kiran ka da sunanka. Ranar da za a yi kiran da ya fi kowane kira, Allah ya sa ka ji da kunnenka.